Sunan da Aka Binne a Barwa

A unguwarsu ta bayan tashar mota, cikin garin Diffa, ba wanda ke kiran tsohuwar da sunanta. Ɗanta Ajimi Iya yake ce mata, matarsa Halima ma haka. Maƙwabta su ce Ya Ajimi, wato uwar Ajimi da Barbarci. Jikoki kuwa kowa da abin da ya laƙaba mata. Mace ta haura tamanin, wa zai buɗe baki ya faɗi sunanta gatsau? Ladabi ne. Sai dai ladabin ya yi mata wani aiki na daban, don shekara sittin ke nan tana ɗauke da sunan da ba nata ba, kuma ba a taɓa ganewa ba, tunda ba mai faɗinsa.

A katinta na shaida an rubuta Habiba Alasan. Sunan da aka raɗa mata ranar bakwai Kellu ne.

An haife ta a Barwa, kusa da Bosso, a shekarar da ba wanda ya rubuta. Ita ce ƴar fari, saboda haka uwarta ba ta kiran sunanta. "Ke" take ce mata, in ta ɓata mata rai ta ce "yarinyar nan". Ubanta Alasan masunci ne, in ruwan Komadugu ya ja baya ya shuka alkama a gaɓa. Tana ƙarama ta ga an kira shi ya ƙetarar da kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin. Aka ɗaura manyan goruna biyu a sanda, Nasaran ya hau, uban ya shiga ruwa yana iyo yana turawa. Ya kai shi gaɓa lafiya. Aka mare shi a gaban mutane don takalmin kumandan ya jiƙe. Uban ya dawo gida ya ci tuwonsa.

Aurenta na fari bai kai shekara biyu ba ta dawo gida. Ta kama sana'ar banda. Ta kyafe kifi, ta cika kwanduna, ta ƙetara kasuwannin da ke wancan gefen kogi, wani lokacin ta bi ayari har Maine-Sorowa. A tasha, wajen direbobi da teloli da masu sayar da abinci, ta fara jin zancen jam'iyyar Sawaba. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta san abin da ke rubuce a katin jam'iyyar ba. Ta dai ga hoton raƙumi, aka ce mata masu wannan katin so suke Nasara ya koma garinsu. Ta ce a ba ta goma.

A shekarar 1958 aka ce kowa ya jefa ƙuri'a, har mata: ko "I", a zauna tare da Faransa, ko "A'a", a rabu yanzu. Aikin Kellu shi ne shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Takardun ƙuri'ar "A'a" tana shimfiɗa su a ƙasan kwando, banda a sama. Gardawa, dogaran gwamnati, ba sa son tona kwandon banda har ƙasa, don ƙarnin ba ya barin kaki sai an yi wanki biyu. Ta shiga gida ta sayar da kifi, in an gama ciniki ta zaro takarda.

"Irin wannan za ki sa a ambulan," take cewa. "Ɗayar ki ƙulle a bakin zane, kya hura wuta da ita."

Daga Barwa har Tumur ta bi gida gida, da ƙafa, wata biyu. Aka ƙidaya ƙuri'a, aka ce "I" ta ci. Bayan shekara biyu ƴancin ya zo duk da haka, aka miƙa shi ga waɗanda suka ce ba su shirya karɓarsa ba. Jam'iyyarta kuwa an riga an hana ta. Kellu ta ci gaba da ɗaukar wasiƙu a ƙasan kwando zuwa ƙetare, ba ta san abin da ke cikinsu ba, ba ta kuma tambaya ba.

Da kakar 1964 wasu ƴan jam'iyyar suka shigo ta iyaka da bindigogi. Abin bai yi nisa ba. Aka shiga kame, gari gari, da jerin sunaye a takarda. Waɗanda aka tafi da su, wasu sun dawo bayan shekaru, wasu ba a sake jin labarinsu ba.

A daminar da ta gabata ƙanwarta Habiba ta rasu da zazzaɓi, ba ta yi aure ba. Mai gari bai kai labarin mutuwar buro, ofishin gwamnati, ba, don hanya da nisa, yana jira dalilan tafiya su taru. A littafin gwamnati Habiba tana nan da ranta.

Da hantsi suka zo, gardawa uku da sakatare mai takarda. Kellu tana tsakar gida tana juya kifi a kan wuta. Uwarta ce ta tare su a ƙofa.

"Nan ne gidan Alasan?" in ji sakataren.

"Nan ne."

"Ina Kellu?"

Uwar ta gyara mayafi. Ta ce, "Kellu ta rasu. Da damina."

Ran nan ne Kellu ta ji sunanta a bakin uwarta, karo na farko kuma na ƙarshe. Abin da ta lura da shi kawai shi ne uwar ta faɗe shi daidai, ba gargada, kamar wadda ta saba.

Suka ce a nuna musu kabari. Aka kai su, mai gari a gaba, dattawa a baya, kowa ya shaida. Da suka dawo sakataren ya nuna ta da alƙalami ya ce, "Waccan fa?" Aka ce Habiba ce, ƙanwar marigayiya. Ya ja layi a takardarsa. Suka karɓi banda uku na hanya suka tafi.

Garin duka ya sani, garin duka ya yi shiru. Ba duka don ƙauna ba. Duk wanda ya tsaya a bakin kabarin nan ya gyaɗa kai ya riga ya shiga cikin laifin, kuma ya san haka.

Kafin shekara ta kewayo ta auri Zubairu, wani manomi daga wajen Shetimari, inda ba a san fuskarta ba. Ta gaya masa gaskiya tun kafin a ɗaura. Yana ɓare goro ya ce, "To, ni dai ba kiran ki zan yi da shi ba." Ya cika alkawari. Shekara talatin da ɗaya yana ce mata "ke" har ya rasu.

Suka yi noman tattasai a bakin kogi, da jigo da farko, daga baya da inji. Ta haifi shida, uku suka rayu. Bayan shekara goma gwamnatin da ta neme ta ta faɗi, aka saki fursunoni, waɗanda suka gudu suka fara dawowa. A lokacin da ta je ta faɗa, ba abin da za a yi mata. Amma Ajimi ya riga ya shiga lakwal da takardar haihuwa mai cewa uwarsa Habiba, kuma tattasai ya nuna, ga tsinka ga shanya. Ta ce bari a gama kaka. An gama kaka wajen sau arba'in.

Da Ajimi ya girma ya zama mutum mai kula da zumunci. Kowace shekara cikin azumi yakan yi sadaka don mamatan gidansu, ya ba malam sunaye ya karanto. A jerin akwai Kellu, yayar mahaifiyarsa, wadda ta rasu kafin a haife shi. Tsohuwar ce ke toya masar da hannunta. In aka zo kan sunan ta ce amin tare da kowa, a raba masa ta ci nata rabon.

A 2015 rikici ya iso bakin kogi. Aka ce a tashi, suka tashi. Ta bar gona da rumbu da kabarin Zubairu, ta shigo Diffa a bayan mota da tabarma ɗaya da katinta ƙulle a zane. Mutanen Barwa ma sun watse, suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Tsararrakinta da suka tsaya a bakin kabarin nan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ana kawo mata labari tana cewa Allah ya jiƙansu. Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya. Ba ƙarfin hali ba ne, ta dai nemi kukan ba ta samu ba. Ranar da aka ce ta ƙarshensu ta rasu, ta gane ba sauran mai rai a duniya da ya san ko ita wace ce, sai ta ci gaba da cire wa tattasai hanci, don shi ne aikin da ke gabanta.

Bara zancen masu gwagwarmayar ƴanci ya dawo yayi. Wani tsohon malamin lakwal, Mushe Zailani, wato Malam Zailani da Faransanci, ya fara shiri a rediyo a kansu. Ya ji a bakin ƴan gudun hijira cewa an taɓa yin wata Kellu mai banda, ya bi diddigi har ya iso gidan Ajimi. Ajimi ya sa babbar riga, aka shimfiɗa darduma, ya ba da labarin yayar mahaifiyarsa na kusan awa guda. A labarin nasa ta ƙetare kogi da iyo ana harbi, ta kuma tofa wa kumandan yawu. Aka ɗauke shi hoto. Tsohuwar tana gefe a inuwa da tiren tattasai a cinya.

A ƙarshe Mushe ya matso da wayarsa kusa da bakinta, ya ɗaga murya don an ce masa kunnenta ya yi nauyi.

"Ya Ajimi, ke da kika tashi ɗaki ɗaya da ita, wace irin mace ce yayarki?"

Ta yi tunani. Ta ce, "Mai taurin kai."

"Jaruma ke nan."

"Kifi take sayarwa."

"Kin tuna ranar rasuwarta?"

"Ina wurin," in ji ta.

Aka sa shirin a rediyo ranar Lahadi. Maƙwabta suka zo yi wa Ajimi barka.

Watanni bayan haka matar jikanta Mudassir, ɗan Ajimi na fari, ta haifi mace. Kwana uku da haihuwa Mudassir ya shigo ɗakinta da la'asar, ya zauna a bakin tabarma ya miƙe ƙafa. Tsakanin jika da kaka ba kunya, sai tsiya.

"Amarya, an yi miki kishiya," ya ce. "Ta fi ki haƙora ma, in an jira kaɗan."

"Kai da ko sabulu ba ka taɓa kawo mini ba, har ka iya riƙe mata biyu?"

"Shi ya sa zan sake ki in riƙe ta. Amma zan bar miki abu ɗaya. Sunanki zan sa mata."

Ta daina taunar goron da ke bakinta.

"Wanne?"

"Kina da biyu ne? Na katin mana. Habiba." Shi jika ne, yana iya faɗa.

"Habiba tana Barwa, ƙarƙashin ƙasa. Ni na wanke ta."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya bari. Ta ba shi labarin a taƙaice, kamar mai faɗin hanyar kasuwa: gardawa uku, sakatare, kabari, layi a takarda. Da ta zo kan sunan ta tsaya, don shekara sittin ba ta faɗe shi a kan kanta ba.

"Kellu. Ni ce. In za ka sa sunana, shi za ka sa. In na ƙanwata kake so, ka sa, ita ma ta cancanta. Amma kada ka ce nawa ne."

Mudassir ya tashi bai yi wata tsiyar ba. Ya tafi wurin ubansa.

Washegari bayan sallar azahar Ajimi ya zo. Shekararsa hamsin da takwas, da furfura a gemu, amma ya cire takalmi a ƙofa ya durƙusa kamar kullum. Magana ce mai wuya a gare shi, don ba ya iya faɗin sunan uwarsa, yanzu kuma bai san wanne ne ba zai iya faɗi ba. Sai ya guje wa duka biyun.

"Iya, yaron nan ya zo mini da wata magana."

"Gaskiya ya faɗa maka."

"Kin sha maganinki jiya?"

"Na sha. Ba ruɗewa na yi ba, Ajimi."

"Wancan sunan, ai na marigayiya ne. Shekara nawa ina mata sadaka."

"Ta iso. Ni ke cinye ta."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To na takarda fa? Shi ne a takardar haihuwata. Shi ne a ta ƙannena. Da shi na yi miki addu'a a Makka, a gaban Ka'aba."

"Allah ya san wadda kake nufi."

"Akwai shaida?"

"Duk sun mutu."

"Baba ya sani?"

"Ya sani."

"Bai taɓa faɗa mini ba."

"Ka taɓa jin ya faɗi wani abu?"

Ajimi ya ce, a hankali, "Na yi magana a rediyo, Iya. Garin nan duka ya ji ni. Na ce ta rasu a shekarar sittin da huɗu. Yanzu in fito in ce tana ɗaka tana cire hancin tattasai?"

"Ka ce kuma na tofa wa kumandan yawu. Ban tofa ba."

"Me ya sa ba ki hana ni ba?"

"Ka sa babbar riga," in ji ta.

Ya ce zai yi tunani. Da yamma ya aiko Halima da amsa. Za a sa wa yarinya Kellu. Amma za a ce wa mutane sunan marigayiya aka mayar, yayar Iya, wadda aka ji a rediyo. Kowa zai yaba, ba wanda zai yi tambaya. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ta ce to.

A nan ƙasar, yaron da aka mayar wa sunan babba ba a kiransa da sunan. Ana kiransa da abin da ake kiran mai sunan. Jaririyar da ta ci sunan yayar uwa, Yakura za a ce mata har ta tsufa. Wadda ta ci sunan uwar maigida kuwa, abin da maigida ke kiran uwarsa shi za a kira ta. Saboda haka duk wanda ya ji laƙabin ya san ko sunan wa aka mayar. Tsohuwar ta san wannan tun kafin a haifi Ajimi. Ta san kuma da amsar da Halima ta kawo, Yakura za a ce.

Ranar suna maza suka taru a ƙofar gida da sassafe, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Mata suna ciki, ɗakin mai jego ya cika. An zaunar da tsohuwar a kan katifa kusa da bango. Ba ta ji sanarwar ba, kunnenta ba ya kaiwa waje. Halima ce ta shigo ta ce, "Yarinya ta ci suna Kellu."

"Allah ya raya," matan suka ce. "Allah ya jiƙan mai sunan."

Tsohuwar ta ce amin.

Bayan an watse Ajimi ya yi sallama ya shigo ganin jikarsa. Wata maƙwabciya ta ɗauko jaririyar cikin tawul ta miƙa masa tana cewa, "Alhaji, ga Yakura."

Ya karɓa. Bai iya riƙon jarirai ba, ya riƙe ta nesa da ƙirji kamar tiren shayi. Ya kalli fuskar, ya kalli ƙasa. Bai kalli wajen bango ba.

"Ba Yakura za a ce mata ba," ya ce. "Iya za a ce mata."

Maƙwabciyar ta ce, "Alhaji, ai sunan yayar ne. Ko ka manta?"

"Ban manta ba."

"To ta yaya?"

"Haka za a ce mata." Ya miƙa wa Halima jaririyar ya fita, ya bar takalminsa ɗaya a juye sai da ya dawo ya gyara.

Matan suka dubi juna. Wata ta ce tsufa ya fara kama Alhaji. Wata ta ce mai gida ne, in ya ce a kira ta Buhu ma sai a kira. Aka yi dariya, aka koma kan zancen shinkafa da wanda zai je ɗauko manyan tukwane. Ba wadda ta tambayi tsohuwar komai.

Maganar Ajimi kam tsohuwar ta ji ta, don a ɗakin aka faɗa. Ta zauna tana jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta. Ta jira har aka fara fita da kwanuka. Ba abin da ya motsa, sai ƙafarta ta hagu da ta yi sanyi saboda zama.

"Ku ba ni ita," ta ce.

Aka ɗora mata jaririyar a cinya. Ta buɗe tawul ta duba hannu da ƙafa, ta ƙirga yatsu, ta jinjina nauyinta. Ta ce wa mai jegon yarinyar ba ta da nauyi, a riƙa ba ta nono ko ba ta yi kuka ba. Ta riƙe ta har ta yi mata fitsari a zane, sannan ta mayar.